Fitsarin jini a Kura da Bunkure: Wa zai yi mana gwajin?

Ɗauki wayarka yanzu ka shiga TikTok ko Facebook na minti goma kacal. Da wuya ka fito ba ka ci karo da mai tallan maganin sanyi ba. Wani da jarka, wata da garin magani a leda, wani kuma ya zura farar riga kamar likita, kowa na rantsuwa nasa ne gangariya. Kana jin zafi in za ka yi fitsari? Sanyi ne. Ka ga jini? Sanyi ne. Fitsarin na fita a tsittsinke, ko yana ɗiga bayan ka gama tsarki? Shi ma sanyi ne. Ka turo kuɗi kawai, a sa maka a mota.

Kasuwar mutanen nan ba banza take ci ba. Suna amsa tambayar da muke jin kunyar yi a fili, a wurin da ba kasafai ake samun wanda zai amsa ta da ilimi ba. Ciwon mafitsara ciwo ne na ɓoye. Saurayi zai gaya maka yana da olsa, zai gaya maka yana da basir ma, amma ba zai ce maka wandonsa na jiƙewa ba. Budurwa kuwa ko mahaifiyarta sai ta yi shekara ba ta sani ba.

Matsayar wannan shafi a yau ɗaya ce. Yankin noman rani na Kura, Bunkure da Garun Malam yana buƙatar mutanen da aka horar su iya gwajin cututtukan mafitsara, tun daga mai duba fitsari a ƙaramin asibitin ƙauye har zuwa mai sarrafa babbar na'ura a birnin Kano. Kuma mutanen nan daga cikinmu za su fito, mu matasa. In ba haka ba, mai jarka zai ci gaba da zama likitanmu.

Ruwan da ke ciyar da mu

Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Zariya da rani ya ga abin. Ko'ina ya bushe ƙurmus, amma da ka doshi Kura sai ka ga kore shar har iyakar ganinka. Wannan albarkar madatsar ruwa ta Tiga ce, wadda aka fara ginawa zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala a 1974. Daga nan ake koro ruwa ta manyan kanal da ƙanana zuwa dubban kadada na gonaki a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Shinkafar da injinan Kura ke casawa dare da rana, tumatir ɗin da ake lodawa a Kwanar Gafan zuwa kudu, alkama, albasa, masara, duk daga ruwan nan suke. Kuɗin makarantar da yawa daga cikin masu karanta wannan rubutu daga kanal ya fito. Babu mai hankalin da zai ce a rufe shi.

Sai dai ruwan da ke tafiya a hankali, mai ciyawa a gefe, shi ne gidan wani ɗan ƙaramin dodon koɗi. Shi ne ke rainon tsutsar tsargiya. Ga yadda abin yake zagayawa: mai cutar ya yi fitsari a ruwa ko a bakinsa, ƙwan tsutsar ya faɗa ciki ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya shige jikin dodon koɗi ya hayayyafa. Bayan 'yan makonni sai dubban 'ya'yan tsutsa da ido ba ya gani su fito su bazu a ruwa. Ba sai ka sha ba. Ta fata suke shiga. Ƙafarka ta taɓa ruwan ya isa. Daga nan su bi jini su girma, su je su tare a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, su yi ta zuba ƙwai shekara da shekaru. Ƙwan da ke keta bangon mafitsara don ya fita, shi ke kawo jinin da ake gani a ƙarshen fitsari.

To yanzu ka lissafa su wa ke shiga ruwan. Yaran da ke ninƙaya in zafin Maris da Afrilu ya tsananta. 'Yan matan da ke wanke-wanke da wanki. Masu dashen shinkafa da ke yini tsaye a ruwa. Mai ban ruwa da ke buɗe mashiga da hannu. Ɗan acaɓa mai wanke babur. Masunta. Kusan kowa kenan.

Ba mu kaɗai abin ya taɓa ba. A Masar ne wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar a 1851, kuma ƙasar ta yi fama da ita a yankunan ban ruwa na kogin Nilu. A Gana, bayan gina madatsar Akosombo a shekarun 1960, tsargiya ta yi kaca-kaca da ƙauyukan bakin tafkin Volta. A Senegal ma haka aka gani bayan madatsar Diama ta 1986. Darasin iri ɗaya ne: duk inda aka tare ruwa don noma ba a haɗa da bandaki da ruwan sha da asibiti mai gwaji ba, tsargiya za ta biyo baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum sama da miliyan 250 ne ke buƙatar maganin rigakafin cutar, mafi yawansu a Afirka, kuma Najeriya na sahun gaba a ƙasashen da suka fi ɗaukar nauyinta.

Jinin ya tsaya, ciwon bai tsaya ba

A nan ne ake yaudararmu. Yaro ya yi fitsarin jini yana shekara goma, manya su ce ƙyale shi, kowa ya yi, zafin rana ne, ko ma a ce alamar balaga ce. Ya kai shekara ashirin jinin ya ragu ko ya ɗauke. Shikenan, wai ya warke.

Amma ba duk ƙwan ne ke fita da fitsari ba. Da yawa suna maƙalewa a bangon mafitsara da bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda. Jiki ya yi ta yaƙi da su, wurin ya kumbura, ya yi tabo, ya taurare. Mafitsarar da Allah ya halitta tana miƙewa tana tattarewa kamar balam-balam, sai ta koma kamar tsohuwar salka. Wani ba za ta riƙe masa fitsari da yawa ba, kowane minti talatin sai ya zaga. Wani kuma ba za ta juye duka ba. In bututun ya ƙuntace, fitsari ya taru a ƙoda, ƙodar ta kumbura, tana lalacewa a hankali ba tare da wani ciwo mai tayar da hankali ba, sai ranar da aka ce wankin ƙoda ake buƙata. Kuma hukumar binciken cutar daji ta duniya ta daɗe da sanya wannan tsutsa a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansar mafitsara.

Ke 'yar'uwa, naki ya fi sarƙaƙiya. Ƙwan yana iya maƙalewa a mahaifa da al'aura, ya kawo ƙaiƙayi, fitar ruwa, zubar jini ba lokacin al'ada ba, ciwo lokacin saduwar aure, wani lokaci har da matsalar haihuwa. Alamomin sun yi kama da na cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. Don haka sai a yi ta ɗirka wa mace allurai da kafso, ba sauƙi, daga nan zargi ya shigo. Aure nawa ne ya girgiza a kan cutar da aka ɗauko tun ana yarinya wajen wanke tukunya a bakin kanal? Babu wanda ya ƙirga, don babu wanda ya gwada.

Maganin tsargiya yana nan, sunansa praziquantel, kuma ana rabawa kyauta a makarantu lokaci zuwa lokaci. Yana kashe tsutsar, kuma in an sha da wuri yawancin ɓarnar tana gyaruwa. Duk wanda aka kawo wa ƙaninsa ya tsaya ya ga ya ci abinci ya sha. Amma abu uku ya kamata ka sani. Ba ya hana sake kamuwa in an koma ruwan. Ba lalle ya goge tsohon tabon da ya shekara ba. Sannan rabon da aka yi ta makaranta ba zai kai ga yaron da ba ya zuwa makarantar ba, balle leburan da ya zo ci-rani daga wani gari. Wato ko bayan rabon magani, akwai tarin mutane da mafitsararsu ta riga ta taɓu. Su wa zai duba su?

Gwajin da yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba

Akwai wani gwaji da likitocin mafitsara ke kira bidiyo yurodainamik. In za mu faɗa da Hausa, gwajin aikin mafitsara ne mai haɗe da hoto. Sikanin da muka saba da shi yana nuna siffar mafitsara. Shi wannan yana nuna yadda take aiki, tana cika tana juyewa, a gaban idon mai gwaji.

Ana sa wa majiyyaci 'yar siririyar roba ta hanyar fitsari zuwa mafitsara, a sa wata ta dubura don auna matsin cikin ciki. Sai a riƙa ɗura wani ruwa na musamman da ke fitowa a hoton eksire, a hankali, har mafitsara ta cika. Kwamfuta na zana yadda matsi ke hawa da sauka. Ana tambayar mutum yaushe ya fara jin fitsari, yaushe ya matse shi. A ce ya yi tari, a ga ko zai zubo. A ƙarshe a ce ya yi fitsarin, na'ura ta auna ƙarfin fitarsa, hoto kuma na nuna inda ya tsaya, ko inda ya juya baya ya haura ƙoda.

Me ya sa duk wannan wahalar? Saboda alama ɗaya tana iya fitowa daga dalilai daban-daban. Mutum biyu su zo da kuka iri ɗaya, fitsari ba ya fita da ƙarfi. Na farko hanya ce ta toshe, mafitsararsa na turawa da iya ƙarfinta. Na biyu hanyarsa a buɗe take, tsokar mafitsarar ce ta gaji. In aka yi wa na farko tiyata zai samu sauƙi. In aka yi wa na biyu irin wannan tiyatar, an yanke shi a banza, an cinye kuɗin buhun shinkafarsa, kuma matsalar na nan. Haka mata biyu masu yoyon fitsari: ɗaya marufin ne ya yi rauni, ɗaya mafitsarar ce ke matsewa da kanta ba da izininta ba. Maganinsu ba ɗaya ba ne.

Ba kowa ke buƙatar wannan gwaji ba, kada wani ya tsorata ka. Yawancin masu tsargiya gwajin fitsari da magani sun ishe su. Waɗanda ya fi yi wa amfani su ne masu matsala mai wuyar ganewa: wanda ya samu rauni a laka sanadin haɗarin mota ko faɗowa daga bishiya, jaririn da aka haifa da matsalar ƙashin baya, wanda tsohon tabo ya ɓata wa mafitsara, dattijon da ake shakkar ko tiyata za ta amfane shi, da matar da aka ɗinke wa yoyon fitsari amma har yanzu tana jiƙewa. Wannan rukuni na ƙarshe mu 'yan Arewa mun san shi. Cibiyar Laure da ke Asibitin Murtala a Kano da ta Babbar Ruga a Katsina sun shafe shekaru suna share wa dubban mata hawaye, kuma likitocin wannan fanni sun san cewa rufe ɓular ba koyaushe yake kawo ƙarshen zubar ba.

Na'ura ba ta gwada kanta

Ga inda maganar horo ta shigo. Wannan gwaji, ingancinsa na hannun wanda ya yi shi. In bai daidaita ma'aunin matsi tun farko ba, in iska ta shiga roba, in robar ta zame bai lura ba, kwamfuta za ta zana layuka masu kyau amma na ƙarya, likita kuma ya yanke hukunci a kansu. Dole mai gwajin ya san yadda zai rage wa majiyyaci hasken eksire, ya san tsaftar da za ta hana shi ɗaukar wata cuta, ya san lokacin da zai dakata. Uwa uba, ya san mutunci. Ka tuna fa, cewa za a yi Bahaushe ko Bahaushiya su yi fitsari a ɗaki akwai mutane. In ba a samu mai yi musu bayani da harshensu ba, mai rufe musu jiki, mace ga mace inda hali ya yi, fitsarin ma ba zai fito ba, gwajin ya tashi a banza.

A Ingila, hukumar lafiyarsu ta NHS ta gane cewa likitoci ba za su iya komai su kaɗai ba. Suna da tsarin horo na shekara 3 da ke ɗaukar waɗanda suka karanta kimiyya, su yi aiki a asibiti suna karatun digiri na biyu, su fito a matsayin masana kimiyyar lafiya, kuma gwajin aikin mafitsara na cikin fannonin da ake ƙwarewa a kai. Likita ya tura majiyyaci, masanin ya yi gwajin ya rubuta abin da ya gani, likita ya yanke shawarar magani. Ƙasar da ta fi mu likitoci nesa ba kusa ba ta ga dacewar raba aikin. Mu da likitan mafitsara ɗaya ke ɗauke da jama'ar da ba ta ƙirguwa, me muke jira?

Mun sha ganin yadda ake yi a ƙasar nan. A sayo na'ura ta miliyoyi, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto a watsa a Facebook, a kulle ɗaki. Bayan shekara biyu ƙura ta rufe ta, don babu wanda aka koya wa, ko wanda aka koya wa an canza masa wurin aiki. Sayen na'ura akwai kwangila a ciki, akwai hoto. Horar da mutum ba shi da ranar buɗewa. Shi ya sa ake tsallake shi.

"Kai, ba a fara gini daga rufi"

Na san wani zai ce, haba malam, asibitin ƙauyenmu ko wuta babu, kai kana maganar bidiyo? Maganarsa na kan hanya. Ba muna cewa a kai wannan na'ura kowace mazaɓa ba ne. Tsani muke nema mai hawa uku, kowane hawa da mutumin da ya san aikinsa.

Hawa na farko shi ne ƙaramin asibitin da ke kusa da kanal. Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: 'yar takardar da ake tsomawa a fitsari ta nuna jinin da ido ba ya gani, madubin duba ƙwayoyin cuta, da ma'aikacin da ya iya gane ƙwan tsargiya, wanda ya san cewa fitsarin tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana ya fi nuna shi. Da wannan kaɗai za a raba dubban mutane da mai jarka.

Hawa na biyu shi ne babban asibiti irin na Kura. A nan a samu mai sikanin da aka horar musamman ya gane kaurin bangon mafitsara, kumburin ƙoda, da yawan fitsarin da ke saura bayan mutum ya gama. Shi ne zai tace wanda za a sallama da magani da wanda za a tura gaba.

Hawa na uku shi ne birni. Kano na da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tana da Cibiyar Mafitsara ta Abubakar Imam, tana da Asibitin Murtala. A irin waɗannan wurare ne ya dace a samu tsayayyar tawaga ta cikakken gwajin: likitan mafitsara, mai ɗaukar hoto, nas, da masanin da gwajin shi ne sana'arsa. Kura zuwa Kano ba ta kai tafiyar awa ɗaya ba in hanya ta yi kyau. In tsanin ya tsaya, manomin Bunkure zai iya hawa shi daga ƙasa har sama ba tare da ya sayar da gona ba.

Wani kuma zai ce wannan aikin likita ne, kada a bai wa wanda ba likita ba. Duk mai bin labarai ya san tsamin da ke tsakanin ƙungiyar likitoci ta NMA da gamayyar sauran ma'aikatan lafiya ta JOHESU. Ba mu shiga wannan rigima ba. Abin da muke cewa a fili yake: likita ne ke neman gwaji, shi ke yanke hukunci, shi ke tiyata. Masanin yana yin gwajin ne bisa rubutacciyar ƙa'ida, da jarrabawa, da lasisi, da mai duba aikinsa. Majiyyacin da ke kwana da robar fitsari bai damu da wa ya fi wani girma a asibiti ba.

Na uku zai ce, in an horar da su guduwa za su yi Saudiyya ko Ingila. Wasu za su tafi, gaskiya ne. Maganin wannan shi ne a zaɓi 'ya'yan yankin, a ɗauki nauyinsu da sharaɗin shekarun aiki a gida, a buɗe musu gurbi da matakin albashi, a biya su kan lokaci. Wanda mahaifinsa ke noma a Kadawa ya fi wuyar tafiya a kan wanda aka turo daga nesa. Kuma ƙin horar da kowa don tsoron wasu za su tafi, daidai yake da ƙin shuka don tsoron tsuntsu.

Abin da muke nema daga masu iko

Ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da hukumomin da ke kula da manyan asibitoci da ƙanana: duk kwangilar sayen na'urar gwaji a rubuta horar da ma'aikata da gyara a cikinta, kuma a bayyana wa jama'a mutum nawa aka horar, suna wane asibiti. Asusun tallafa wa lafiya na jiha, KHETFUND, ya ware wani kaso don wannan.

Ga Jami'ar Bayero, wadda ke da sassan kimiyyar gwaje-gwajen asibiti da na ɗaukar hoton majiyyata, da makarantun koyon aikin lafiya na jiha: ku haɗa kai da asibitocin koyarwa a samar da gajeren kwas na ƙwarewa a gwajin mafitsara, kuma a riƙa tura ɗalibai aikin sanin makama zuwa ƙauyukan kanal. Ɗalibin da ya ga ƙwan tsargiya sau ɗari da idonsa ba zai manta shi ba.

Ga Hukumar Haɗeja da Jama'are da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa: yashe kanal da cire ciyawa ba don ruwa ya gudu kaɗai ba ne, yana rage gidan dodon koɗi. A sa lafiya cikin lissafin aikin.

Ga shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisarmu: rijiyar burtsatse, wurin wanki da bandaki a kusa da gonaki sun fi rabon babura amfani. In ana son raba wani abu, a ɗauki nauyin yara goma daga kowace ƙaramar hukuma su karanta waɗannan fannoni.

Naka aikin

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ka taɓa fitsarin jini, ko da kana yaro ne, ko kana yawan shiga ruwan kanal, ka je asibiti ka ce a gwada fitsarinka, ka faɗa musu kana shiga ruwa. Kada ka jira a tambaye ka. Ke ma ki faɗa, ko da a kan matsalar mata kika je. In fitsari ya ƙi fita gaba ɗaya, ko akwai zazzaɓi da ciwon kwiɓi, ko babban mutum ya ga jini ba tare da zafi ba, wannan ba na jira ba ne, a tafi a ranar. Kuma a daina sayen kafso a kemis ana sha barkatai. Ba ya kashe tsutsar, illa ya sa ranar da kake buƙatarsa da gaske ya ƙi yi maka aiki.

Kada ka yi fitsari a kanal ko a bakinsa, kuma ka hana ƙannenka. Addininmu ma ya hana yin fitsari a ruwan da ke tsaye, tun kafin a san da wata tsutsa. In kana da hali ka sayi rambut don aikin gona. Ruwan wanka in daga kanal aka ɗebo, a tafasa, ko a ajiye shi ya kwana biyu kafin a yi amfani da shi.

A daina mayar da abin barkwanci. Abokinka da ya daina zuwa jam'i, ko yake tsayawa sahun baya yana saurin fita, wataƙila ba lalaci ba ne. Malaman fiƙihu sun yi bayanin sauƙin da shari'a ta yi wa mai ɗigar fitsari, likitoci kuma suna da abin yi a kai. Abin da ya rage masa shi ne mutum ɗaya da zai raka shi asibiti ba tare da dariya ba.

Kai mai shirin cike fom ɗin JAMB, ke mai shirin cikewa, ku saurara. Duk shekara dubbai na rubuta likitanci, guraben ba su kai ba, a zauna gida a sake. Kimiyyar gwaje-gwajen asibiti da ɗaukar hoton majiyyata karatun shekara 5 ne kowannensu, da lasisi, da aiki. Wanda bai samu jami'a ba akwai makarantun koyon aikin lafiya. Ba ragowar kwas ba ne. Likita komai ƙwarewarsa, in babu mai yi masa sahihin gwaji, lalube yake a duhu.

Ku kuma masu mabiya, masu dubu hamsin da masu dubu ɗari biyar, kafin ku karɓi kuɗin tallan maganin sanyi ku tambayi kanku wa ya gwada shi. Ku ba da minti biyu ku gayyato ma'aikacin lafiya mai lasisi ya yi bayanin tsargiya da Hausa. Ranar 30 ga Janairu ta kowace shekara ita ce ranar cututtukan da aka yi watsi da su ta duniya, tsargiya na cikinsu. Wannan dama ce ta cika intanet da maganar, da sunayen garuruwanmu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar da ake son tsargiya ta daina zama barazana ga lafiyar jama'a. Lokacin ya matso. Kafin nan za a yi zaɓe, 'yan takara za su zo Kura, su zo Bunkure, su zo Garun Malam, su yi alƙawarin sabon asibiti da sababbin kayan aiki. Idan an ba da damar tambaya, kada ka tsaya a nawa aka sayi na'ura. Ka ce: mutum nawa za ku horar, daga wane gari, kuma yaushe za su fara aiki? Ka ɗauki amsar a wayarka, ka ajiye.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa albarka a nomanmu.